“Ai tsufa ne”: yadda ciwo, damuwa da ruɗewa ke sarƙewa a jikin dattijo

A gidajenmu na Sakkwato akwai amsa guda da ke rufe bakin ƙorafin dattijo, ko wane iri ne. Gwiwa ta hana shi sujada, a ce tsufa ne. Tsohuwa ta daina barci, ta rage cin abinci, ta daina fitowa tsakar gida, a ce tsufa ne. Baba ya wayi gari yana kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa, yana faɗa da mai kawo masa fura, nan ma a ce gigin tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya. Alhali matsaloli uku ne daban-daban, ciwon jiki da ciwon damuwa da ruɗewar tunani, kowanne da sanadinsa, kuma da yawansu suna jin magani in an gane su da wuri. Sai dai a jikin tsoho ba kasafai suke zuwa ɗai-ɗai ba. Wannan ya janyo wancan, wancan ya ɓoye wannan, kuma wanda ya fi kowa damar raba su shi ne wanda ya fi daɗewa a bakin gado.

Shi ya sa kaso mai tsoka na abin da aka sani yau game da ciwon tsofaffi ya fito daga hannun ma'aikatan jinya. Likita yakan ga mara lafiya na 'yan mintoci lokacin zagayen safe. Nas kuwa ita ke juya shi, ta canza masa shimfiɗa, ta ga yadda ya yamutsa fuska da aka ɗaga ƙafarsa, ta ji nishinsa da tsakar dare. A 1968 wata nas a Amurka, Margo McCaffery, ta kawo ma'anar da har yau ake koyarwa a makarantun jinya: ciwo shi ne duk abin da mai jin sa ya ce, kuma yana nan duk lokacin da ya ce yana nan. A Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta nuna cewa ciwon mutum ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na halin da iyalinsa ke ciki, da na tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma in aka bar ɗaya sauran ba za su lafa ba.

Ɗauki dattijon da sanyin ƙashi ya kama wa gwiwa. Da farko zai daina zuwa sallar Asuba a masallaci, musamman da hunturu. Daga nan sai majalisar ƙofar gida ta gagara, sai zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, waɗanda su ne ke nuna wa mutum har yanzu ana lissafi da shi. Zaman ɗaki yana raunana naman cinya, gwiwar ta ƙara ɗaukar nauyin da ba ta iyawa. Ciwon ya hana barci, rashin barci kuma ya rage wa jiki juriya. A cikin ƙwaƙwalwa da lakar baya akwai hanyoyin da ke rage ƙarfin saƙon ciwo kafin mutum ya ji shi, kuma sinadaran da suke aiki da su, serotonin da noradirenalin, su ne dai ke da hannu a walwalar zuciya. Mai ciwon damuwa ba ƙarya yake ba in ya ce gwiwar ta fi jiya zafi, ko da hoton ƙashi bai nuna wani sauyi ba.

An gwada wannan a aikace. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka mai suna IMPACT, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, an ɗauki mutum 1,801 masu shekara 60 zuwa sama da ke fama da ciwon damuwa. Rabinsu an haɗa su da mai bibiya, nas ko masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke ganinsu ko kiransu a kai a kai, yana duba ko magani na aiki, yana komawa ga likita in ba ya yi. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin 100 na waɗanda aka bibiya damuwarsu ta ragu da aƙalla rabi, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 19 ne kawai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutum 1,001 daga cikinsu masu ciwon gaɓoɓi. Ba a ƙara masu wani sabon maganin gwiwa ba, damuwar aka yi wa magani, amma ciwon gaɓoɓin ya ragu kuma suka fi iya hidimar kansu.

Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce, mu muna da tawakkali da zumunci. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun yi hira da tsofaffi 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a jihohin da ake jin Yarbanci, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2007. Kashi 26.2 cikin 100 sun taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu, kashi 7.1 kuma sun yi shi a cikin shekarar da ta gabaci hirar. Can ma akwai zumunci, akwai addini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna tare da wata lalurar ƙwaƙwalwa.

Abin da ke sa a kasa ganewa a wurinmu shi ne tsohuwa ba za ta zo asibiti ta ce zuciyarta ta yi baƙi ba. Cewa za ta yi jikinta duka ciwo, kanta na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a bayanta, ba ta jin ɗanɗanon abinci. Sai a yi gwajin maleriya da taifod, a rubuta allurai, ta koma gida, bayan wata guda ta dawo da ƙorafin nan dai. Ba wanda ya tambaye ta yaushe maigidanta ya rasu, ko wa ke kwana ɗaki ɗaya da ita.

Ma'anar McCaffery ta rataya ne a kan abu guda, cewa mai ciwon zai faɗa. A nan ne take samun cikas a ƙasar Hausa. Nas ta zo bakin gado ta ce, “Inna, ya jiki?” Amsar a shirye take: “Da sauƙi, ɗiyata, mun gode Allah.” Gaisuwa aka yi, aka kuma amsa gaisuwa, amma sau da yawa abin da ke shiga takarda shi ne ba ta da ƙorafi. Mutumin da aka raina a kan dauriya da kunya, wanda tun yana yaro ake yi wa dariya in ya yi raki, ba zai buɗe baki gaban surukarsa ya ce wa yarinya sa'ar jikarsa fitsari na ƙona shi ba. Wani kuma tsoro yake kada ƙorafinsa ya ja wa 'ya'yansa kuɗin wani gwajin. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya, inda ake cewa mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, bai cika yi wa irin waɗannan dattawa ma'ana ba. Wanda bai saba auna abin da ke ransa da lamba ba zai faɗi wadda yake ganin za ta faranta wa mai tambaya.

Akwai kuma masu ganin faɗin ciwo rashin haƙuri ne da ƙaddara. Malamanmu sun san ba haka ba ne. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah (SAW) bai hana ta ba, sai ya ce shi ma kansa na ciwo. Da Imrana bin Husaini ya kai kukan basur, sai aka ba shi sauƙin yin salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Nas ɗin da ta san wannan tana da abin buɗe bakin dattijo da ya fi kowace takardar tambayoyi.

A ganina tambayar da ta dace da mutanenmu ita ce ta abin da ciwon ya hana. “Baba, a tsaye kake salla ko a zaune? Tun yaushe? Kana iya tsugunnawa ka yi alwala, ko sai an riƙe ka? Ciwon na tashe ka cikin dare?” Dattijon da ya ce da sauƙi zai gaya maka gaskiya cewa rabonsa da sujada tun kafin azumi, don wannan labari ne yake bayarwa, bai ɗauke shi raki ba. Kuma amsar na ba da abin aunawa: in bayan mako biyu na magani da motsa jiki ya koma ruku'u, an san an ci gaba.

Lamarin ya fi tsanani ga wanda cutar mantuwa ta ƙwace wa magana. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 kan tsofaffin da suka karye a ƙugu ya gano cewa masu mantuwa mai nisa sun samu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na maganin ciwo mai ƙarfi da aka ba masu cikakken hankali. Karayar iri ɗaya ce, bambancin kawai waɗannan sun iya roƙo. Don cike wannan giɓi ne ma'aikatan jinya suka ƙirƙiro ma'aunan da ke dogara da kallo. Wanda ake kira PAINAD, da Victoria Warden da Ann Hurley da Ladislav Volicer suka fitar a 2003, yana duba abu biyar: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki ya ƙage ko yake ture hannu, da ko lallashi na kwantar da mutum. A Ostireliya ma Jennifer Abbey ta fitar da makamancinsa a 2004.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi a ƙasar Norway, aka wallafa a 2011. Bettina Husebo da abokan aikinta sun ɗauki mutum 352 masu mantuwa da ke yawan faɗa, ihu da kai-kawo a gidajen kula da tsofaffi. Wani rukuni aka ba su maganin ciwo mataki-mataki na mako takwas, mafi yawansu farasitamol kawai. Tashin hankalin ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100, kuma da aka janye maganin sai ya fara dawowa. Ke nan wani ɓangare na abin da ake kira rikicin tsufa ciwo ne da ya rasa bakin faɗa. Wata nas mai bincike a Amurka, Christine Kovach, ta tsara yadda za a bi: in mai mantuwa ya rikice, a fara duba jiki, ko yunwa, ko fitsari ya taru, ko bayan gida ya ƙi fita, ko gyambon kwanciya, ko haƙori. Sai a duba ko hayaniya ce ta yi yawa ko kaɗaici. Sai a gwada lallashi da tausa, sai maganin ciwo. Maganin kwantar da ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshe, don tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu daga cikinsu na ƙara haɗarin mutuwa ga masu mantuwa. Mu kuwa sau da yawa da shi ake farawa, a nemo ƙwayar barci a kemis don gida ya samu sararawa.

Dole a bambanta mantuwa da ruɗewar farat ɗaya, don rayuka na salwanta a tsakaninsu. Mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar farat ɗaya kuwa cikin sa'o'i ko kwanaki take aukuwa: jiya Baba lafiya lau ya yi lissafin kuɗin gero, yau bai san inda yake ba, da rana ya ɗan dawo, da dare ya ɓace. Wannan alama ce jiki na cikin haɗari. Ciwon mafitsara, ciwon huhu, maleriya, faɗuwar suga, toshewar fitsari, sabon magani, ciwon da ba a kashe ba, duk suna kawo ta. A Sakkwato sai a ƙara da zafin bazara, lokacin da awo ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ga shi tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani ma da gangan yake rage shan ruwa don kada ya wahalar da mai kai shi bayi. Akwai nau'in da ba ya ihu, sai dai ya yi shiru yana ta barci, kuma shi aka fi tsallakewa don bai dami kowa ba. Irin wannan mara lafiya asibiti mafi kusa yake buƙata a ranar, a auna suga, a duba fitsari, a yi ƙarin ruwa in ya kama. Iyali kan ɓata kwanaki suna gardama tsakanin masu cewa iska ce a kira mai ruƙiyya da masu cewa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, wasu kuma su ƙi Kwaren don gudun abin da unguwa za ta ce. Addu'a ba ta hana awo. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kuma yana da aikinsa babba ga ciwon damuwa mai tsanani da mantuwar da ta gagari gida, kuma zuwa can bai kamata ya zama abin kunya ba.

Sai maganar magani, inda muke tsakanin kasada biyu. Ta farko ita ce haɗin kemis da na masu talla a kasuwa: ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, na ciwon jiki. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam a ciki, wani lokacin biyu a haɗe, wani lokacin har da deksametason. Suna kashe ciwo nan take, shi ya sa ake komawa. Amma a jikin mai shekara 70 da ke da hawan jini, ga zafin gari ga ƙarancin ruwa, suna huda ciki su kawo zubar jini, suna kuma gajiyar da ƙoda. Deksametason in aka daɗe ana sha yana tada suga, ya sa ƙashi ya yi rauni, har yana iya rikita tunani. Tiramadol ma yana sa tsoho jiri, faɗuwa da ruɗewa. Nas ɗin da ta ce wa iyali su kawo duk ledojin maganin da ke ƙarƙashin filo ta yi rabin binciken.

Kasada ta biyu kishiyar wannan ce. Ƙididdigar shaye-shaye ta ƙasa ta 2018 ta nuna kusan mutum miliyan 4.6 na amfani da irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Damuwar na da tushe, duk wanda ke Arewa ya ga ɓarnar. Sai dai tsoron ya shafi mai ciwon daji da ya ci ƙashi, wanda mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ne kaɗai zai ba shi barci. Kwamitin mujallar Lancet kan sauƙaƙa ciwo ya ruwaito a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci na samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. Matashi na samun ƙwaya a bakin tasha, kakarsa na mutuwa da ihu a ɗaki. Amurka kuma ta nuna inda wuce gona da iri ke kaiwa: daga tsakiyar shekarun 1990 aka matsa wa asibitoci su riƙa rubuta lambar ciwo tare da zafin jiki da hawan jini, aka riƙa bin lambar da ƙwayoyi masu ƙarfi, abin ya taimaka wajen haifar da annobar jarabar ƙwayoyi da suke fama da ita har yau.

Kusan duk binciken da na ambata an yi shi ne a gidajen kula da tsofaffi ko asibitocin da ke da isassun ma'aikata. Mu ba mu da wannan tsari, kuma ba ma son sa. Tsohonmu a gida yake, a hannun 'yarsa, ko matar ɗansa, ko jikar da aka cire daga makaranta, ko matarsa da ita ma ke jan ƙafa. Ko an kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, mai jinya na nan da tabarmarta. Ita ta san yadda fuskarsa take in yana lafiya, abin da nas ɗin da ta karɓi aiki da yamma ba ta sani ba. Abubuwa biyar ɗin PAINAD ba su fi ƙarfin a koya mata su da Hausa cikin mintoci kaɗan ba. Ita kanta mai jinyar tana buƙatar a tambaye ta lafiyarta, don wadda ta shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba tana dab da zama mara lafiya ta biyu a gidan.

Kayan awon ma sai an yi masu gyara. Gwajin mantuwa da ya fi shahara, wanda aka fitar a Amurka a 1975, yana cewa mutum ya faɗi kwanan wata, ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwafi zane. Tsohuwar da ke lissafi da watan Gani da na Azumi, wadda ta iya karanta ajami amma ba ta taɓa riƙe biro ba, za ta faɗi wannan jarrabawa da hankalinta garau. An samar da wani mai suna IDEA, aka gwada shi a Tanzaniya da Ibadan, wanda ke tambayar sunan mai gari, da ranar mako, da jero sunayen dabbobi, da shirya tsinken ashana. Irin wannan ne ya kamata a zauna a daidaita da Sakkwatanci da Fulatanci, a gwada shi a Wurno da Tambuwal da Gwadabawa, a ga ko yana kama abin da ake nema.

Akwai kuma tsofaffin da rashin tsaro ya raba da gidajensu a Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo. Mutumin da ya shekara 60 a gari ɗaya, ya rasa gona da shanu, wataƙila da ɗa, ya koma rakuɓe a gidan dangi, in ya ce ƙirjinsa na ciwo ba hoton ƙirji kaɗai yake buƙata ba. Mai mantuwa kuwa sauyin wuri kaɗai ya isa ya rikita shi.

A takarda an samu ci gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, kuma tun 2021 akwai manufar ƙasa kan tsofaffi da cibiyar kula da lamuransu a Abuja. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma a farkon 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ce ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk tsarin da zai yi aiki a nan dole ya dace da nas guda mai gadaje da yawa a aikin dare, da jami'in lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye.

Ɗalibanmu na jinya suna yin bincike kowace shekara, amma da yawa ya tsaya ga raba takardar tambayoyi don jin abin da ma'aikata suka sani ko suke tunani. Tambayoyin da ke jiran amsa sun fi haka amfani, kuma ba su buƙatar na'ura mai tsada. Cikin tsofaffin da ake kwantarwa a watan Afrilu, nawa ne ke zuwa da ruɗewa, kuma nawa ne ke dawowa hayyacinsu bayan ƙarin ruwa? Cikin masu zuwa da ciwon ƙoda ko aman jini, nawa ne suka daɗe suna shan haɗi? In aka koya wa masu jinya kallon alamomin ciwo a ɗaki guda, aka bar wani ɗakin yadda yake, ina aka fi neman ƙwayar barci? Tambayar salla da alwala na kama ciwon da lambar 0 zuwa 10 ke tsallakewa? Kowace daga cikinsu nas biyu ko uku da malami mai duba su za su iya amsa ta cikin shekara guda, da rijistar ɗaki da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti.